Gawar Jinaidu Daga Hayin Kwara

"Kada a kwance," in ji Mahmudu, yana tsaye tsakanin takarkarinsa da mutanen unguwa. "A yi masa salla a haka, a kai shi."

Tsoho Baƙo ya matso kusa. Kayan da ke bisa takarkarin yake kallo: fatar saniya ce aka ɗinke ta ruf, aka ɗaure da igiya, ƙudaje na bin bakin ɗinkin. Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Jinaidu, kuma shi Baƙon ne ke wankan gawa a unguwar tun ana gina ganuwar Kontagora. Ya san tsawon maƙwabcinsa, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Wannan ƙunshin kuwa ko ƙirjin Jinaidu ba zai kai ba.

Da kaka suka bi ayarin goro zuwa Gwanja, Jinaidu da abokin fataucinsa Mahmudu. Ga shi yau Mahmudu ya riga ayari dawowa, shi kaɗai, yana cewa zazzaɓi ya kashe Jinaidu a ƙasar Bargu, hayin Kwara.

"Farke inda ya faɗi nan ake binne shi," Baƙo ya ce. "Tun da nake ban taɓa jin an ƙetaro ruwa da gawa ba."

"Rantsuwa ya sa ni, Baba. Ya ce kusa da 'yarsa yake so a kwantar da shi."

Gaskiya ne Jinaidu ya binne 'ya a bayan gari. Amma duk unguwa ta san haka, kowa zai iya faɗa. Kuma zamani ne da mutum kan fita da abokinsa ya dawo da sabuwar riga, abokin kuwa sai a ji an gan shi ɗaure a kasuwar bayi.

Aka sauke ƙunshin a zauren Jinaidu. Baƙo ya leƙa gida zai ɗauko tulu, sai ya ji muryar Saudatu, matar Jinaidu, ta bayan danga.

"Malam Baƙo, don Allah ka buɗe ka gane mini. Ba zan shiga takaba a kan abin da ban sani ba. In yana raye a hannun wasu, ni na zauna ina yi wa gawar tunkiya kuka?"

"Zan duba, Saude."

Ya sa aka cika zauren da turaren wuta, ya fitar da kowa sai liman da Mahmudu. Ya naɗe hancinsa da rawani, ya sa wuƙa a ɗinkin. Gishiri da toka suka zubo. An naɗe ƙafafun mamacin har ƙirji don ya zauna bisa dabba. Fuska ta sauya, ba a gane ta, sai Baƙo ya lalubo hannun hagu. Ga cindon nan, ƙaramin yatsa na shida da yara ke tsokanar Jinaidu da shi.

Shi ne. Baƙo ya ji kunya ta kama shi, har ya buɗe baki zai nemi gafarar Mahmudu. Yana juya gawar don ya zuba ruwa, sai ya ga rami a ƙarƙashin allon kafaɗa, an cusa masa tsumma.

"Zazzaɓin Bargu ta baya yake shiga?"

Mahmudu ya durƙusa. "Kibiya ce, Baba. 'Yan fashi suka tare mu. Na faɗi, ya dawo ya ɗaga ni, muna gudu ta same shi. Ina zan iya kallon idon matarsa in ce saboda ni ne?"

"Ina kibiyar?"

"Na jefa ta a Kwara."

"Wa ya gani?"

"Ayari ya watse a lokacin. Allah ya gani."

Baƙo ya sake sunkuyawa a kan raunin. Ya wanke waɗanda kibiya ta kashe, ya wanke waɗanda wuƙa ta kashe, amma gishiri ya ja naman nan har babu abin da zai iya rantsewa a kai. Liman ya ce a hankali, "Rana tana yi. Haƙƙin mamaci a sa shi a ƙasa. Madugun ayari zai dawo, a tambaye shi."

Da za a ɗauki makara, Mahmudu ya tuɓe rigarsa ya shiga gaba. Kafaɗunsa biyu duk gyambo ne, sawun igiya ya ci nama. Wani ya tambaye shi, ya ce bai sami takarkari ba sai da ya ƙetaro ruwa, a bayansa ya goyo shi. Baƙo ya bi su yana kallon gyambon har maƙabarta. Ƙauna tana sa mutum ya yi haka. Ya san alhaki ma yana sawa.

Bayan an dawo, Saudatu tana nan a bakin danga.

"Shi ne?"

"Shi ne, Saude. Allah ya ji ƙansa."

Sa'annan ta ce, "Zazzaɓin ne?"

"Ki fara takabarki. Sauran sai ayari ya iso."

Ba ta sake tambaya ba, kuma ba ta aika wa Mahmudu ko ruwa ba.

Da la'asar masu gaisuwa suka ragu, Mahmudu yana zaune shi kaɗai a gefen tabarma. Baƙo ya fito da akushin tuwo daga gidansa, ya ajiye a tsakaninsu, ya zauna. Dukansu suka wanke hannu. Tururi yana tashi daga tuwon, yana raguwa, babu wanda ya fara sa hannu.