Ruwan da Malam Ya Lasa

Kafin Husseina ta juyo daga gaban na'ura, mahaifinta ya riga ya buɗe kwalbar, ya sansana, ya ɗiga a tafin hannunsa ya lasa.

"Innalillahi! Baba!"

Dalia, Bamisiriyar da suke aiki tare, ta dafe kai. Ruwan nan fa narkakkiyar ƙanƙara ce daga can ƙuryar arewacin duniya, da kyar da siɗin goshi ta iso wannan ɗakin gwaje-gwaje na unguwar Dokki a Alƙahira, ko numfashi ba a yarda a yi a kanta ba. Malam Sanusi kuwa ko a jikinsa. Shekara da shekaru shi ake kira a garinsu in wani abu ya faɗa rijiya, ya duba ko ruwan zai yi alwala.

"Launi bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba, babu wari," ya ce. "Ruwa ne mai tsarki. To, me kike nema a ciki har za ki tafi bangon duniya?"

Nan gizo ke saƙar. An zaɓi Husseina cikin masu binciken da za su je su ɗebo ƙanƙarar da hannunsu, ita kuwa ta ƙudura ba za ta taka jirgi ba sai da yardarsa. Shi kuma tun da ya zo Alƙahira ganin likitan gwiwa yake mita: 'ya'yan mutane suna zuwa Masar su koma da ilimin addini, tasa ta ɓige da ƙanƙara.

Kwalbar dai ta tashi aiki. Husseina ta ɗauko wata ta sa a na'ura. Can sai wani layi ya miƙe a allon kwamfuta.

"Dalma ce, Baba. Iska ke kwaso ta daga hayaƙin masana'antu, ta kai ta inda ba gida ba gari. Ɗan abin da ka lasa ba zai yi maka komai ba, amma tana taruwa a jikin kifi, mutanen da ke bakin tekun yankin kuma kifi suke ci."

Malam ya ƙura wa layin ido. Wane ɗan Zamfara ne bai san dalma ba, bayan yaran da ta kwashe? Ya dubi tafin hannunsa, ya goge a riga. Kafin su isa gida a unguwar Hay el-Sabi', Husseina ta riga ta sadaƙar tafiya ta faɗa ruwa.

Washegari bayan La'asar ta je masallaci ta taho da shi, saboda gwiwar. A bakin ƙofa ta hango shi, ɗaliban addini 'yan Najeriya sun kewaye shi, ya ɗaga sanda yana nuna wani mai suna Ukasha.

"Kai da kake ji da fiƙihu, ƙasar da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, da wane lokaci ake salla?"

"Malam, wa zai je can kuma?"

"'Yata!" ya ce, da ƙarfin da har Misirawan da ke neman takalmansu suka waigo. "Husseina tawa. Duk ƙasar nan ita aka zaɓa. Yalla, maza ku je ku tambayo mini manyan malamanku, ba na so ko Asuba ɗaya ta wuce ta."