Geron Tururuwa

Duk Ƙofar Sauri an san Malam Zubairu da kwashe-kwashe. Malamin kimiyya ne a sakandare, kuma wani abokinsa da ya dawo karatu daga Amurka ya rasa tsarabar da zai kawo masa sai wani ɗan ƙadangare da bai cika tafin hannu ba, ƙahoni a ƙeya, ƙayoyi a gadon baya. Muni kam ba a magana. Ga tsirfar tsiya: ba ya cin komai sai tururuwa, ita ma mai rai, tana tafiya. Shi ya sa Malam ya bar wani gidan tururuwa a bayan madafi, kullum ya watsa musu gero, ya kwashi rabon Mai Ƙaho a kwalba.

Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, mata suka hau gyaran gida saboda masu gaisuwa. Mahaifiyarsa, Hajiya Mairama, ta ga ramin ta ce ina dalili, baƙi na kan tabarma tururuwa na hawa musu ƙafa? Ta tuttula masa kananzir.

Rashida, matar Malam, ba ta sani ba sai da aka watse. Ga ta cikin takaba, ko zaure ba ta leƙawa, balle ta fita nema. Ta roƙi a samo mata, aka yi mata kallon wadda ta zautu. Mace mijinta ya mutu, tana aiken tururuwa!

Hajiya kuwa a ruga ta tashi, a wurinta babu mai ran da nono ba ya tayarwa. Ta zuba kindirmo a murfin kwalba ta tura cikin akwatin da ake ajiye ƙadangaren, ta ƙara da lomar tuwo. Mai Ƙaho ko kallo. Cikinsa ya lotsa, idanu suka shige.

"Abin da ya ƙi nono ai ya ƙi duniya," in ji Hajiya. "A kai wanga abu bayan gari a yar, mu huta."

"Ba inda za shi, Hajiya."

"Mi kika ce?"

"Na ce ba inda za shi."

Ita kanta Rashida ta yi mamakin bakinta. Da Malam na da rai ba wanda ya kai ta tsanar dabbar nan, har gori take yi masa wai ya fi kula da ƙadangare a kan mutane. Amma yanzu duk hantsi, lokacin da Malam ya saba zuwa da kwalba, sai ta ga abin ya ɗaga kai yana duban ƙofa. A gidan nan kaf su biyu ne suka rage suna jiransa. In ya mutu a hannunta, wallahi ba za ta yafe wa kanta ba.

To, ita ba ta fita, amma wa ya hana tururuwa shigowa? Ta kulle kaji a akurki, ta ɗebi gero ta zuba siriri tun daga rariyar katanga har gindin ɗakinta. Hajiya ta share, tana faɗin almubazzaranci. Rashida ta sake zubawa. Aka share, ta zuba. Maƙwabta suka samu na taunawa, wai takaba ta taɓa mata kai. Ta ce su ƙara da gishiri.

Ran nan da hantsi sai ga su. Layi guda baƙi wuluk ta cikin rariya, kowace da ƙwayar gero a baki. Rashida ta ruga ta ɗauko Mai Ƙaho, tana fitowa ta tarar da Hajiya tsaye kan layin, ta riga ta cire murfin kananzir.

Ba ta yi wata-wata ba, ta zauna daɓas a ƙasa, ta raba ƙafafu tururuwa na bi ta tsakani.

"Tashi, ɗiyar nan."

"Sai dai ki zuba a kaina, Hajiya. A da ban taɓa yi miki musu ba, yanzu kam na yi. Kin binne naki, ni ma na binne nawa. Wannan ba za a binne mini shi ba."

Ta ajiye shi a rana, dab da layin. Shiru. Tururuwa na cizon ƙafarta, ba ta ko motsa ba. Ɗaya ta wuce ta gaban hancinsa, ya ƙyale ta. Ta biyu ma haka. Can ya buɗe ido ɗaya, ya karkata kai kamar mai jin nauyin a gan shi yana ci, sai caraf! Ya lashe ta uku. Ya dakata, ya ƙara.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Malam ɗan farinta ne, saboda kunya tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ko ranar da aka fita da shi "yaron nan" ta ce.

"Sai an yi ta lallashi, sannan ya ci yana harare-harare," ta ce. "Zubairu ke nan. Haka ya yi mini tun yana goye."

Ta mayar da murfin kwalbar kananzir ta ajiye. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, sannan ta dubi kwanon geron da ke kusa da Rashida.

"Wanga ɗan geron zai ishe su? Miƙo nan in ƙaro."