Makarar Inna Balaraba

Garinmu Tunga Uku ba tsohon gari ba ne, kada wani ya cika maka baki. Ƙauyuka uku ne tsakanin Boɗinga da Shagari, Tungar Marke da Gidan Badaru da Tungar Kuka, waɗanda 'yan bindiga suka hana barci, mutanensu suka tattaro komatsansu suka zauna wuri guda a bakin titi. Gari dai ya haɗu, amma kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice.

Doka ɗaya dattawa suka kafa: ba mai sake taka kufai. Wanda aka gani ya nufi can da kaya, to abinci yake kai wa mutanen daji.

Sai Inna Balaraba ta Tungar Marke ta rasu. Su kuwa mutanen Marke, tun kakanni, mace kusa da mijinta ake rufe ta, kabarin mijin Inna kuma yana kufai. Ɗanta Mode, mai noman albasa, mutum ne mai taurin kai kamar turmi. Ya san in ya nemi izini za a hana shi, don haka bai nema ba. Da hantsi shi da mutum uku suka ɗauki makara, suka lulluɓe ta da tabarma, suka bi ta cikin dawa.

Maniru, ɗan sa-kai daga Gidan Badaru, shi ke gadi a kan tudu ranan. A garinsu ba a san wannan al'ada ba, kuma watanni biyu ke nan da aka yanka ƙanensa a gona. Ya hango mutum huɗu suna sanɗa da dogon kaya a rufe. Ba gargaɗi, ya saki wuta, abokan gadinsa suka biye masa.

Na iso da gudu tare da jama'a. Biyu sun tsere. Abu, ƙanen Inna, yana kife, harbin ya kwashe masa ƙeya. Mode na zaune cikin kunyar gona, ya tare cikinsa da hannu biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Maniru ya buga masa gindin bindiga a baki har haƙori ya faɗo.

"Munahuki! Mi kaka kai musu?"

Ya fizge tabarmar. Likkafani fari fat, an ɗaure ƙafa da kai. Wallahi har yau ina jin haushin yadda muka tsaya muna kallo, mu manya da gemu.

Mode ya tofar da jini, ya dubi Maniru. Ba zagi, ba Allah ya isa.

"Innata ta," in ji shi. "Kabarin na nan gabas ga marke, mun gina tun jiya. Ni ba ni iya tashi. Kai ka da ƙarhi, kama gaban."

Maniru ya ajiye bindiga, ya durƙusa, ya sa kafaɗa. Muka kai ta, muka rufe ta kusa da mijinta. Da muka dawo, Mode ya riga ya yi sanyi, fuskarsa na kallon hanyar da muka bi.