Sakatar Bindigar Saeed

Mutaru ya tura sakatar bindigar gaba a hankali, ya karkata kunne kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Ƙarfen ya zauna daram. Ya ja, ya sake turawa, ya sake saurare. Surukinsa Saeed yana tsaye gefen buhunan shinkafa, a ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin shagonsa na Tompkinsville, ya harɗe hannu a ƙirji yana jira.

Kafin Mutaru ya zo Amurka ya kama tuƙin motar kai tsofaffi asibiti, shi ne mai kula da ɗakin makamai a barikin soja a Tamale. Ya san idan ratar da ke tsakanin bayan harsashi da fuskar sakata ta yi yawa, bindiga kan fashe a fuskar mai harbi. Ya taɓa ganin kurtun da haka ta same shi. Shi ya sa bai taɓa cewa bindiga lafiya lau take ba sai ya tabbatar, bai kuma taɓa ɗora wa lafiyayya aibi ba.

Wannan kuwa Saeed ne ya harhaɗa ta da hannunsa, a ɓoye, tun bayan da wasu samari biyu suka shigo shagon a watan azumi, suka kwantar da shi a ƙasa, ɗaya ya taka masa wuya. Ba su ji masa rauni mai yawa ba, amma tun ranar mutumin ya daina dariya. Da safiyar nan Rafia, 'yar Mutaru, ta kira mahaifinta tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce mijinta zai roƙe shi ya duba masa wani abu, don Allah ko yaya ya gan shi ya ce ba shi da kyau, ya ce zai fashe. Ta ce a garin nan ko ajiye irin wannan abu gidan yari ne, kuma ita ba za ta iya rainon yara biyu ita kaɗai ba.

Mutaru ya so ƙwarai ya sami aibin. Ya gwada da ma'aunan ƙarfe da Saeed ya ajiye masa a kan kwali, ya haska tocila, ya shafa da ɗan yatsa. Babu. Aikin ya fi na wasu da ya horar a bariki tsabta, kuma abin da ya fi damunsa ke nan: mutum ba ya yin aiki irin wannan sai ya daɗe yana tunanin abu guda.

“Baba, yaya ka gani?” Saeed ya tambaya, idonsa a ƙasa.

Mutaru ya goge hannunsa da tsumma. Ƙaryar tana bakinsa, gajeriya ce, kuma ya san Saeed zai yarda. Amma ya san kuma mai irin wannan hannu zai zauna ya ƙera wata, wannan karon ba tare da ya kira kowa ba.

“Ba ta da aibi,” ya ce. “Idan ka harba za ta tashi, kuma wanda ta sama ba zai tashi ba.”

Sai ya gaya masa abin da Rafia ta roƙa. Ya ce Rafia ta fi tsoron abin da ke ɗakin nan a kan samarin da suka shigo. Saeed ya zauna a kan buhu. Ya fara magana, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce ba kayan da suka kwashe ne ke hana shi barci ba. Lokacin da takalmin ke wuyansa ya roƙi yaron da Allah da Annabi, har ya kira shi yallaɓai, yaron da bai kai ƙaninsa ba. Muryarsa ta ranar ce yake ji kullum idan ya rage shi kaɗai a bayan kanta.

Mutaru bai ba shi haƙuri ba. Ya ce dai aikin tuƙinsa yana ƙarewa da azahar, kuma zaman gida ya ishe shi. Idan akwai kujera a shagon, zai riƙa zuwa.

Saeed ya miƙe, ya zare sakatar, ya naɗe ta a tsumma, ya miƙa da hannu biyu.

“Ka riƙe mini, Baba. Sauran kuma... zan yi magana da Rafia.”

Mutaru ya karɓa, bai tambaye shi zuwa yaushe ba.

A sama ƙararrawar ƙofar shago ta yi ƙara. Kafaɗun Saeed suka zabura, ya tsaya cak yana kallon matakala. Mutaru ya dafa bango, ya fara hawa a gabansa, gwiwoyinsa na ciwo, yana ɗaga murya yana cewa mai saye ya yi haƙuri, ga su nan tafe.