Motar da Ke Durƙusa wa Dada

Alhaji Bubayero, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya a Dutse, mutum ne mai son abin mamaki. Ya taɓa kiwon kaza mai yatsu biyar, ya taɓa ajiye agogon da tsuntsu ke leƙowa daga cikinsa. Saboda haka da ya je Kano sayen mota bai dubi fenti ba, bai dubi kujeru ba. Wata baƙar doguwar mota ya gani wadda idan aka danna wani maɓalli sai ta yi ajiyar zuciya, fuuu, ta yi ƙasa kamar raƙumi. Ba sifirin ne a ƙafafunta ba, wasu jakunkunan roba ne cike da iska suke ɗauke da ita. Nan take ya ce ita yake so.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta haura tamanin, gwiwoyinta sun gaji, ta daɗe da daina shiga mota. Ta ce ita ba buhu ba ce da za a ɗaga a jefa ciki. Ranar da motar ta iso gida sai ta fito da sandarta ta gani. Bubayero ya danna maɓallin a ɓoye, motar ta yi ƙasa a gabanta.

Dada ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wannan ta sami tarbiyya," in ji ta. Ta ɗaga ƙafa ta shiga.

Bai taɓa gaya mata zancen maɓalli ba. Shekara biyu motar tana gaishe ta, ita kuma tana amsawa.

Bayan kaka sai saƙo ya zo daga wani ƙauye a bayan Buji. Yayar Dada, Adda Safara'u, ta ce shekara uku ke nan ba ta ga ƙanwarta ba, idanunta kuma sun fara dushewa, tana so ta gan ta tun tana iya gani. Aka sa ranar Asabar. Ranar Laraba da safe Bubayero ya fito ya tarar motar ta kwanta a gefe ɗaya kamar saniya mai ciwon ƙafa. Ya danna, ya danna, injin iskar ya yi ta gurnani, ba ta tashi ba.

Malam Maharazu bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana karkaɗe hannu.

"Alhaji, robar ta tsattsage, iska take zubarwa. Ko a Kano sai an aika an jira wata guda. In ma ta zo, hanyar Buji za ta cinye ta. Mu cire duka mu sa mata sifirin na ƙarfe irin na kowa."

"Za ta riƙa durƙusawa?"

"Durƙusawa kuma? Alhaji, mota ce fa, ba amarya ba."

Bubayero bai yi dariya ba. Amma Asabar ta matso, sai ya ce a yi. Kwana biyu Maharazu yana cire jakunkuna da tiyo, yana ɗaura sifirin huɗu. Ranar Juma'a da la'asar motar ta dawo gida tsaye ƙyam, har ta fi da tsawo.

Asabar da hantsi Dada ta fito cikin sabon zane, da ƙwaryar man shanu a hannu. Ta tsaya a gaban motar tana jira. Motar ba ta motsa ba. Bubayero ya danna maɓallin don sabo, ko numfashi ba ta yi ba.

"Kai wannan," in ji Dada, don ba ta faɗin sunan ɗan fari, "me ka yi mata?"

"Asibiti ta je, Dada. An sauya mata ƙafafu."

"An sauya mata hali dai. Ni da na girme ta da shekara saba'in, ni zan hau ta tana tsaye?"

Matarsa Hajiya Lauratu ta kawo 'yar kujera a taka. Dada ta ce ita ba yarinya ba ce mai hawan katanga. Bubayero ya ce to bari ya ɗauke ta. Ta yi masa wani kallo, ta koma kan tabarma a zaure, ta ajiye ƙwaryarta.

Bubayero ya rasa abin yi. Don kada ya tsaya haka kawai, sai ya sa maƙwabta suka kama masa buhunan gero biyu da za a kai wa Adda. Aka jefa na farko a but ɗin bayan motar. Aka jefa na biyu, sai ya ji sifirin ya yi ƙara, ya ga tayar baya ta ɗan shige ciki. Ya tsuguna ya auna da yatsa.

"Hajiya, buhu nawa ya rage a ɗaki?"

"Uku na dawa. Alhaji, na cin gida ne fa."

"A kawo biyu."

Ya leƙa zaure. "Dada, zo ki sake yi mata magana. Kunya take ji."

Dada ta fito tana mita. Tana isa ƙofar baya, maƙwabta suka saki buhu na uku da na huɗu. Motar ta yi nishi, bayanta ya yi ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Ba ta kai ta da ba, amma ta durƙusa.

"Af, to," in ji Dada. "Ita ma gwiwar ce ta kama ta." Ta dafa ƙofa ta shiga.

Sun isa kafin azahar. Adda Safara'u ta riƙe fuskar ƙanwarta da hannu biyu, ta kusanto da ita, ta ce ta tsufa. Dada ta ce ai gara ita. Suka shige ɗaki suna ta Fillanci da dariya.

Bubayero kuwa yana gindin tsamiya yana kallon ana sauke buhuna, motar tana ƙara tsawo. Sai a lokacin ya tuna akwai komawa gida.

Da la'asar Adda ta fito rakiya. Ta laluba but ɗin, ta ji fanko, ta ɓata rai.

"Ku kawo mini buhu huɗu, ku koma haka? A ce me a Dutse?"

Ta sa aka loda buhun gyaɗa biyu, da na wake, da na riɗi, aka ɗaure rago a kai. Dada tana tsaye tana kallo har motar ta yi ƙasa.

"Kin gani, Adda? Har ke ta gaisar."

Tun daga ranar, buhu huɗu na yashi ba sa barin ƙofar gidan Alhaji Bubayero, duk ranar da Dada za ta fita sai a loda su a but. Maharazu ya ce zai kashe sifirin. Alhaji ya ce idan sun mutu a sa wasu.