Rufin Asiri a Fadamar Birnin Tudu

Tun da aka datse kogi a Bakolori, ambaliya ta daina zuwa fadamarmu ta Birnin Tudu. Shinkafa ta ƙi, tabkin da ake su ya koma taɓo. Ni Turai da mijina Labaran, fadamar nan ce abincinmu, ba mu da wata. Bayan koke-koke aka sakar mana ruwa ɗan kaɗan, aka ce masu awo za su zo su duba. In fadama ta farfaɗo, an gama ke nan. In ba ta farfaɗo ba, za a riƙa sako mana ruwa duk shekara.

Wallahi ba ta farfaɗo ba. Ko akuya ta sani.

Masu awon suka kafa turaku huɗu a gonar Labaran, suka zagaye da igiya. Suka ce za su dawo su yanke ciyawar ciki su auna nauyinta, su tona ƙasa su ga laima, su jefa koma a tabki su ga ko akwai kifi.

To, ka san mutanenmu, ba a barin baƙo ya ga tsiraicin gida. Sambo, yayan Labaran, ya tara dangi ya ce, “Manyan mutane su taso daga Sakkwato su iske gonar gidanmu kamar kan mai ƙora? A riƙa cewa a Bakura da Mafara mu ragwaye ne?”

Na ja Labaran gefe na ce, “Malam, don Allah bar ta yadda take, su ga wahalarmu da idonsu.”

Ya ce, “Ke, Turai, Yaya ya riga ya yi magana.”

Haka suka dinga jido ruwan rijiya da tulu suna zubawa cikin igiyar nan, har da taki. Ana gobe baƙi za su dawo, Sambo ya je wajen masuntan Maradun ya sayo tarwaɗa da rai a garwa, ya juye a tabki. Kai! Takaici ya hana ni cin tuwo.

Baƙi suka iske ciyawa shar, ƙasa da laima, koma ta fito da tarwaɗa ɓul-ɓul. Babbansu ya ce wa Labaran, “Malam, yaya gona?”

Ya ce, “Alhamdulillahi, sai godiya.”

Mutumin ya yi murna tsakaninsa da Allah, ya ce bai taɓa ganin fadamar da ta dawo da wuri haka ba. Aka dama musu fura, suka tafi.

Ruwa bai sake zuwa ba. Da muka kai kuka, aka ce ai awo ya nuna tamu ta warke, sai a ji da waɗanda tasu ke bushe. Labaran ya naɗe tabarmarsa ya tafi cin rani kudu, har yau bai dawo ba.

Sambo kuwa in ya zauna a majalisa, sai ya ba da labarin yadda baƙi suka yaba gonar gidansu. Ni ke nan ina dama wa ’ya’yan ƙanensa kunun dusa.