Mu Masu Guga

Trajanka ce ta kafa mana ƙungiyar ma'aikata a masana'antar ɗinka riguna da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu Štip. Tare muka kama aiki muna 'yan mata, ita a kan keken ɗinki, ni a sashen guga, tun wurin yana hannun gwamnati. Daga baya aka sayar wa Mitre, abokin karatunmu, wanda a aji sai ya leƙa takardar Trajanka yake cin jarrabawa. Yanzu kowa "gazda" yake ce masa, wato maigida, har da mu.

Bazarar da abin ya faru, zafi ya kai inda ya kai. Rufin kwano ne, tagogi kuma a garƙame don kada datti ya taɓa fararen riguna. Makullin banɗaki yana aljihun mai sa ido, sai kin roƙa kamar ƙaramar yarinya. Ran da Slagana, wata matashiya mai ciki, ta yanke jiki ta faɗi, Trajanka ta miƙe ta kashe kekenta. Layi bayan layi, kekuna suka yi tsit. Muka fita yajin aiki.

Da Mitre ya ga ba wasa muke ba, ya kira zama. Trajanka ta tafi da ni. Da kansa ya zuba mana kofi.

"Haba Trajanka, ni da ke ai ba sai da lauya ba."

"Shi ya sa ban zo da lauya ba, gazda. Na zo da Zagorka. Hannunta ya saba da ƙarfe mai zafi."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ta faɗa masa buƙatunmu: a buɗe banɗaki, a sa fankoki, a bar mana Asabar, a daina korar mai ciki. Aka yi ta zama ana tashi. Rannan sai ya ce ya amince da duka, amma da sharaɗi guda: zai rufe sashen guga.

"Bajamushen da ke sayen rigunan ya ce in rage ma'aikata, in ba haka ba Albaniya zai koma. Ni ma a matse nake."

Bai dube ni ba. Ya san su wa ke guga: mu ne, tsofaffin da idonmu ya daina ganin kafar allura.

A tsakar masana'anta aka yi taro. Trajanka ta hau kan akwati ta ce a ƙi. Ta ce tare muka fita, tare za mu koma. Ba wanda ya tafa. Can sai Slagana, wadda ke kiranta "teta", wato inna, ta ce:

"Teta Trajanka, ke 'ya'yanki sun girma. Mijina ba ya aiki. In aka rufe wurin nan gaba ɗaya, ƙungiya zan dafa wa jaririn?"

Aka ce mai son yarjejeniya ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a hankali, kowa idonta a ƙasa. Sun fi mu yawa nesa ba kusa ba.

Trajanka ta sauko ta tsaya gabana.

"Zagorka, in kin ce kada in sa hannu, ba zan sa ba."

"Je ki sa. Ba ni kaɗai kike shugabanta ba."

Bakina ne ya faɗa. Zuciyata kuwa, na daɗe ina sauya hanya in na hango ta a kasuwa.

Sun samu fankokinsu, sun samu Asabar. Da shekara ta zagayo aka ba su hutun watan Agusta, sai ga manyan motoci da rana tsaka, mutanen unguwa na kallo, aka kwashe kekuna ƙaƙaf. Ranar komawa aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Trajanka ta hau mota zuwa babban ofishin ƙwadago da ke Skopje, babban birninmu. Wani mai taye a wuya ya ce mata yarjejeniyar tana nan daram, sai dai babu wanda za a riƙe da ita. Ya ce ta gwada kotu.

Da kaka, ina bayan gida ina gasa tattasai na yin ajvar, miyar da muke adanawa don lokacin sanyi, na ɗaga kai na gan ta a bakin shinge. Ta rame. Ba ta jira na ce shigo ba, ta ja kujera ta fara ɓare tattasai tare da ni. Ta ce ta samu aiki a Italiya, jinyar wata tsohuwa, alhali ita kanta Trajanka gwiwa ke hana ta hawa bene.

"Zagorka, da na ƙi sa hannu fa?"

"Da tun bara suka rufe."

"To, me muka yi ke nan?"

Na juya tattasai a kan wuta.

Ta roƙe ni in riƙa leƙa kabarin mijinta, in cire ciyawa, don ba ta san ranar dawowa ba. Na ce zan yi. Ta wanke hannu a famfo, ta goge a jikin siket ɗinta, ta ce motar safe za ta bi, kada in wahalar da kaina zuwa rakiya.